Tsohon fim, sabon sauti: yadda ake haska fim marar magana da kiɗan na'ura kai-tsaye

A gidajen silima da bukukuwan finafinai na Turai da Amurka akwai wani irin kallo da ya samu gindin zama. Za a ɗauko fim wanda ya shekara casa'in ko ɗari, irin wanda ba a jin muryar kowa a cikinsa, a haska shi a allo. A ƙarƙashin allon, ko can gefe, mutum ɗaya ne ko biyu zaune gaban tebur, ga kwamfuta, ga wasu akwatuna masu maɓallai, ga wayoyi birjik. Fim na tafiya, su kuma suna saƙa masa sauti nan take, a gaban 'yan kallo. Faransawa suna ce wa wannan "sine-konsa", wato silima da taron kiɗa a zama ɗaya.

Sautin da aka fi haɗawa da irin wannan kallo a 'yan shekarun nan shi ne wanda Turawa ke kira ambiyent. A nan za mu ce masa kiɗan yanayi. Babu waƙa a cikinsa, galibi babu ganga, ba kuma a taka masa rawa. Amo ne mai ja, yana shimfiɗuwa a hankali kamar hazo, ya cika ɗaki. Mai karatu zai iya cewa to me ya yi zafi, ba kiɗa ba ne kawai a bayan hoto? Abin ya fi haka. Hoton da babu murya a cikinsa, duk wanda ya riƙe sautinsa shi ke gaya wa 'yan kallo abin da za su ji a ransu: tsoro, tausayi, dariya ko fushi.

Fim bai taɓa yin shiru ba

Tun ranar 28 ga Disamba, 1895, da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara karɓar kuɗi suna nuna hoto mai motsi a birnin Faris, har zuwa ƙarshen shekarun 1920, fim ba ya ɗauke da sauti a jikinsa. Amma ba a kallonsa tsit. Ƙaramin gidan silima yana da mai fiyano. Matsakaici yana da ƙatuwar ogan, irin ta kamfanin Wurlitzer, wadda ke iya kwaikwayon tsawa da ƙararrawa da kukan jirgin ƙasa. Babban gida kuwa makaɗa ne gungu guda da shugabansu. A 1908 fitaccen mai tsara kiɗan Faransa, Camille Saint-Saëns, ya rubuta wa wani fim na tarihi kiɗa na musamman, amma wannan gata ne na 'yan kaɗan. Yawancin finafinai da takarda suke zuwa, mai nuna wa makaɗi cewa a minti kaza a sa na baƙin ciki, in an fara gudu a sa mai sauri. Sauran kuma ya rage nasa. Shi ya sa fim ɗaya kan zama abu biyu daban a gari biyu.

A Japan wani salo suka bi. Mutum ne, ana ce masa benshi, yake tsayawa kusa da allo yana ba da labari, yana sauya murya ga kowane ɗan wasa. Wasunsu sun fi 'yan fim ɗin suna.

Da fim mai magana ya shigo, bayan The Jazz Singer na 1927, cikin 'yan shekaru dubban makaɗan silima suka rasa abincinsu. Ƙungiyar makaɗan Amurka har talla ta riƙa sawa a jaridu wajen 1930, da zanen mutum-mutumi yana kiɗa, tana gargaɗin jama'a kan "kiɗan gwangwani". Ba ta yi nasara ba. Abin mamaki, yau na'ura ce ke dawo da makaɗi mai rai ƙarƙashin allo.

Kafin nan sai da aka yi asara mai yawa. Tsohon faifan fim da sinadari mai saurin kama wuta aka yi shi, yana kuma ruɓewa, su kuwa kamfanoni ba su ga amfanin ajiye hajar da ta daina ciniki ba. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa magana na ƙasar sun salwanta. Waɗanda suka tsira, da yawansu takardun kiɗansu sun ɓata. Wannan giɓi ne ya buɗe wa makaɗan zamani ƙofa.

Farfaɗowar ta fara ƙarfi a 1980, lokacin da aka nuna Napoléon na Abel Gance a Landan, kusan awa biyar, da cikakken gungun makaɗa ƙarƙashin Carl Davis. A 1982 aka soma bikin finafinai marasa magana na Pordenone a Italiya, wanda har yau ake yi duk shekara. Sai dai gungun makaɗa hamsin tsada gare shi. Mutum ɗaya da kwamfuta kuwa, tikitin jirgi ɗaya ya ishe shi.

Mene ne kiɗan yanayi?

Sunan ya fito ne daga Brian Eno, makaɗi ɗan Ingila. Labarin da shi da kansa ya sha bayarwa shi ne, a farkon 1975 mota ta buge shi, yana kwance yana jinya, wata ƙawarsa ta kawo masa faifan tsohon kiɗan molon Turawa. Faifai ya fara juyawa, ashe sautin ya yi ƙasa sosai, sifika ɗaya ma ba ta aiki, ga ruwan sama a waje, shi kuma ba ƙarfin tashi ya gyara. Haka ya kwanta yana jin kiɗan yana cuɗanya da ƙarar ruwa da hasken ɗaki. Daga nan ya fara tunanin kiɗan da ba ya neman a kalle shi, wanda zai zauna a ɗaki kamar ƙamshin turaren wuta. A 1978 ya fitar da Music for Airports, wanda ya ɗora wa lakabin ambiyent na ɗaya. Ya ce yana son kiɗan da in ka saurara za ka ƙaru, in ka kyale shi ba zai dame ka ba.

Tun farko wannan kiɗa da hoto abokan tafiya ne. Eno da ƙanensa Roger da Daniel Lanois sun yi kundin Apollo a 1983 domin wani fim da aka harhaɗa daga hotunan tafiyar Amurkawa duniyar wata, For All Mankind na Al Reinert. A 2009, shekara arba'in da sauka a wata, wata ƙungiya mai suna Icebreaker ta kaɗa shi kai-tsaye a Gidan Tarihin Kimiyya na Landan, ana haska hotunan.

Dalilin da ya sa ya dace da tsohon fim mai sauƙi ne. Waƙa mai baiti da amshi tana da nata lokacin, dole sai ta kai ƙarshen layi, ko da hoto ya riga ya wuce wani wurin. Amo mai ja kuwa ba shi da wannan dole. Ana iya miƙa shi, a gajarta shi, a yi masa kauri, a sirantar da shi, duk yadda hoto ya juya.

Tromsø, 1996

Wanda ke son ganin yadda aikin yake in an yi shi da ladabi, ya duba abin da aka yi a Tromsø, wani gari can ƙuryar arewacin Norwe, inda rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A cikin wannan duhu suke bikin finafinansu kowace shekara. A 1996 masu bikin suka nemi wani ɗan garin, Geir Jenssen, wanda aka fi sani da Biosphere, ya yi wa Man with a Movie Camera sabon sauti.

Fim ɗin na 1929 ne, na Dziga Vertov, daga Tarayyar Sobiyat. Ƙanensa Mikhail Kaufman ne ya riƙe kyamara, matarsa Elizaveta Svilova ta yanka ta haɗa. Babu 'yan wasa, babu labari, babu ko rubutun bayani a tsakani. Rayuwar birni ce daga asuba zuwa dare, an ɗauko a Mosko da Kiyef da Odesa: masu kwana a benci, taragon lantarki, masana'anta, ɗaurin aure, saki, haihuwa, jana'iza, wanka a bakin teku. Bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, amma yankan hoto a cikinsa ya haura 1,700. A 2014 mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masana, suka zaɓe shi a matsayin fim ɗin gaskiya mafi girma da aka taɓa yi. Kuma duba yadda ya buɗe: gidan silima ne babu kowa, kujeru suna saukowa da kansu, jama'a suna shigowa, makaɗa sun ɗaga kayan kiɗa suna jiran haske ya faɗa kan allo. Wato shi kansa Vertov ya san akwai wani a ƙarƙashin allon da zai ƙarasa masa aiki.

Ya kuwa bar wa wannan mutum wasiyya. Akwai rubutattun bayanansa na irin sautin da yake so a kowane sashe. Jenssen ya bi su, ya ɗauki rabin fim ɗin, ya ba wa abokinsa Per Martinsen, mai laƙabin Mental Overdrive, ɗaya rabin. Rabon Jenssen ya fito a faifai a 2001, haɗe da sabon bugun kundinsa Substrata.

Abin lura a nan shi ne bai bi gudun hoton ba. Fim mai yanka duk bayan daƙiƙa biyu, makaɗi zai ji kamar ya bi shi da ganga, tim-tim-tim. Shi sai ya yi ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa amo mai sanyi, da guntayen muryoyi da ƙarar ƙarfe suna ɓullowa suna nutsewa. Sai birnin ya koma kamar abin da ake tunowa a mafarki. Wasu ba su so haka ba, don Vertov murnar injina da sabuwar duniya yake yi, ba jimami ba. Wanda ya ji sautin da Alloy Orchestra ta Amurka ta yi wa wannan fim a 1995, da gwangwanaye da ƙarafa, ita ma bisa bayanan Vertov, zai rantse ba fim ɗaya ya kalla ba. Haka kuma na The Cinematic Orchestra, da aka fara kaɗawa a Porto ta ƙasar Fotugal, ya fito a faifai a 2003, shi ya fi karkata ga jaz. Hoto ɗaya, wasiyya ɗaya, kiɗa uku. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Metropolis: wanda kowa ke gwada hannunsa a kai

Babu fim ɗin da makaɗan na'ura suka fi yi wa rubdugu kamar Metropolis na Fritz Lang, wanda aka fara nunawa a Barlin a Janairun 1927. Birni ne na gobe: masu kuɗi a sama cikin lambuna, leburori a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injina awa goma-goma, sai wani mai ƙirƙira ya ƙera mutum-mutumi da kamannin wata yarinya, Maria, don ya ruɗe talakawa. Yana da kiɗansa na asali, na Gottfried Huppertz, kuma ba a rasa shi ba.

A 1984 Giorgio Moroder, gwanin kiɗan disko, ya rage tsawonsa, ya rina hotunan, ya zuba masa waƙoƙin Freddie Mercury da Pat Benatar da Bonnie Tyler. Masana suka yi ca a kansa. A gaskiya waƙoƙin sun danne fim ɗin, baitoci suna gaya maka abin da idonka ya riga ya gani. Amma a yi masa adalci: matasa da yawa ta hanyarsa suka fara sanin akwai wani abu wai shi Metropolis.

Jeff Mills ya bi wata hanya a 2000. Shi Baƙar fata ne, haifaffen Detroit a 1963, yana cikin jigogin kiɗan tekno. Detroit garin ƙera motoci ne da ya kai mutum miliyan 1.8 a 1950, kafin shekarar 2000 ya dawo ƙasa da miliyan ɗaya, masana'antu sun rufe, an bar unguwannin Baƙaƙe da kango. Mutumin da ya tashi a nan ba ya bukatar a yi masa fassarar leburan da inji ya haɗiye. Ya taƙaita fim ɗin zuwa kimanin awa guda, ya yi masa sauti babu waƙa ko ɗaya: inda injina suke, bugu mai maimaituwa kamar ba zai ƙare ba, inda lambun masu kuɗi yake, amo mai laushi wanda ka ji ka san akwai wata a ƙasa. An nuna shi a Cibiyar Pompidou ta Faris da wasu wurare, daga nan Mills ya mai da abin sana'a ta biyu, ya yi wa Three Ages na Buster Keaton da Woman in the Moon na Lang ɗin dai. A 2023 ya sake komawa kan Metropolis da sabon sauti gaba ɗaya. Mutanen Legas za su so su san cewa wannan Mills ɗin ne ya yi aiki da marigayi Tony Allen, mai gangar Fela, suka fitar da Tomorrow Comes the Harvest a 2018, shekara biyu kafin rasuwar Allen a Faris.

Wani abu ya faru a tsakani da ya shafi duk mai son yi wa fim ɗin kiɗa. A 2008 aka gano wani kwafi a gidan tarihin silima na Buenos Aires, a Ajantina, ɗauke da kusan minti 25 da aka daɗe da fid da rai da su. Da aka gyara aka nuna a Barlin a 2010, fim ya kusan kai awa biyu da rabi. Duk sautin da aka auna da tsohon tsawo sai ya tashi aiki. Makaɗin da ke zaune a ɗakin ne kaɗai ke iya bin sabon.

Yadda ake aikin

Yawancin aikin a gida ake yin sa, makonni kafin ranar. Makaɗi zai kalli fim ɗin sau da yawa, ya raba shi sashe-sashe, ya rubuta lokacin da kowane ya fara da inda ya ƙare. Sai ya tanadi kayan miya: dogayen amo daga sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙiro sauti daga lantarki, 'yar'uwar fiyanon da 'yan Kannywood ke amfani da ita, gajerun sautuka da za su riƙa zagayowa, da abin da ya naɗo a waje, kamar iska, kasuwa, takun ƙafa, ruwa a kwano. Da yawa suna loda waɗannan a manhajar Ableton Live, wadda wani kamfanin Barlin ya fitar a 2001, domin tana barin mutum ya saki kowane sauti lokacin da ya ga dama. Sauran akwatunan na amsa-kuwwa ne da jinkirta sauti, su ke sa ƙaramin "ting" ya zama kamar an buga shi a cikin kogo.

A ɗakin kallo kuma mutane sun kasu. Akwai mai ɗaure kwamfutarsa da agogon fim ɗin, ko ya sa abin kunne yana jin ƙidaya, komai ya faɗa daidai daƙiƙarsa. Wannan ba ya kuskure, amma wani lokaci ka rasa bambancinsa da wanda ya danna faifai ya zauna. Akwai kuma mai kallon allo kawai yana amsa masa, yau daban gobe daban. Shi wannan yana iya yin tuntuɓe, sai dai don shi ake biyan kuɗin shiga. Mafi yawa suna tsakiya: ƙashin bayan a shirye, naman a ɗora a wurin.

Wani tarko da baƙo ba ya sani shi ne gudun fim. Sai da sauti ya zo aka tsayar da hoto 24 a daƙiƙa. Kafin nan da hannu ake juya kyamara, wani 16, wani 18, wani 20 ko fiye. Kwafi biyu na fim ɗaya na iya bambanta da mintoci masu yawa. Wanda ya yi atisaye da kwafin intanet, ya zo ɗaki aka haska na gidan adana finafinai, ya shiga uku.

In fim mai magana ne ake so a yi wa haka, sai an samo kwafi na musamman daga masu shi, wanda aka cire kiɗan aka bar magana da sauran ƙararraki. Shi ya sa aka fi zuwa ga marasa magana, ko irin Koyaanisqatsi na 1982, wanda dama babu zance a cikinsa, kuma Philip Glass da mutanensa sun sha kaɗa shi kai-tsaye.

Sai shiru. Gwanaye sun san shi ma kayan aiki ne. A fim ɗin Carl Dreyer na 1928 kan shari'ar Jeanne d'Arc, wanda aka tsinci cikakken kwafinsa a 1981 a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo, kusan komai fuska ce, an matso da ita har kana ganin hawaye na taruwa. A irin wannan wuri, makaɗin da ya kasa ɗauke hannunsa ya ɓata aiki.

Sukar da ake yi

Masu kishin tsohon fim suna da ƙorafi, kuma ba duka ne son zuciya ba. Na farko, wasu makaɗan ba fim ɗin suka zo yi wa hidima ba, fim ɗin ne suka mayar labulen bayansu. Na biyu ya shafi kiɗan yanayi kai tsaye: yana da halin mayar da komai abin jimami. Ka sa wa Buster Keaton amo mai nauyi, mutumin da ke faɗowa daga bene don a yi dariya, sai ɗaki ya yi jugum kamar gidan makoki. Barkwanci da lokaci yake tafiya, yana son mai fiyano da ke dirar da yatsa daidai inda ƙafa ta zame. Shi ya sa jadawalin irin wannan kallo ya cika da finafinan tsoro da na mafarki na Jamus, su Nosferatu na 1922, ana ta maimaita guda biyar ko shida, ɗaruruwan da suka tsira kuma suna kwance a ma'ajiya.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Tsufa ba ya nufin fim ya zama na kowa. A Amurka finafinan 1927 sun fita daga kariya ranar 1 ga Janairu, 2023. A Tarayyar Turai kuwa ana ƙirga shekara 70 ne daga mutuwar na ƙarshe cikin manyan masu aikin, Lang kuma a 1976 ya mutu. Sannan gyararren kwafi mai kyau yana hannun wanda ya gyara, kamar Gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden a Jamus, kuma hayarsa ake yi.

Wani lokaci kuma da gangan makaɗi yake yi wa fim tawaye. The Birth of a Nation na 1915 fim ne da ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan ya wulaƙanta Baƙaƙen Amurka. A 2004 Paul D. Miller, wanda ake kira DJ Spooky, ya riƙa yanka shi yana sake jera shi a gaban jama'a, da sautinsa a kai, ya kira abin Rebirth of a Nation. Hoton na mai zagin ne, muryar ta koma hannun wanda aka zaga.

Inda abin ya taɓo mu

Nan Legas aka fara nuna fim a Najeriya, a watan Agustan 1903, a zauren Glover Memorial, kuma Herbert Macaulay na cikin waɗanda suka kawo masu nunin. Daga baya wani jami'in lafiya na Turawa a Legas, William Sellers, ya riƙa amfani da fim wajen wayar da kai kan annoba, shi ne kuma aka ba shugabancin sashen finafinan mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Daga wannan tsari majigi ya yaɗu. Dattawanmu a Agege da Sabon Ibadan da suka taso a Arewa za su tuna: mota ta zo ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin kyalle, hoto na tafiya, wani ma'aikaci riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Wannan mutum shi ne benshinmu. Abin da ya faɗa shi ne fim ɗin, ko ya yi daidai da nufin Baturen ko bai yi ba.

Akwai kuma Palaver na 1926, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a tsaunukan Filato, cikin mutanen Sura da Angas, ana yawan lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka yi a ƙasar nan. Marar magana ne. Labarin Di'o ne da wani Bature mai haƙar kuza suna takara kan wata nas, 'yan ƙasa kuwa an nuna su a matsayin jahilai masu jiran Bature ya cece su. Kwafinsa yana Ingila. Duk wanda zai haska shi a Jos ko Legas, sai ya yanke shawarar da Miller ya yanke: in ya sa ganga mai tsoratarwa duk inda baƙar fuska ta fito, ya taya Barkas, in ya yi ƙasa da sauti ya bar mutane su kalli fuskokin da gidajen da duwatsun, wani fim ɗin ne daban zai fito daga cikin na farko. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A tsohon ginin sashen finafinai a Legas ne Didi Cheeka ya ci karo da tarin gwangwanayen fim da aka manta da su, ciki har da Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, wanda aka gyara aka nuna a bikin Barlin a 2018. Shi Shaihu Umar yana da maganarsa, ba ya bukatar a ara masa murya. Amma yawancin hotunan da Turawa suka ɗauka na hawan salla da kasuwanni da dalar gyaɗa a shekarun 1920 da 1930, bebaye ne.

Masu iya ba su sauti ma ba sai an je Norwe ba. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset da ogan ɗin lantarki tun 1978, shekarar da Eno ya fitar da nasa kundin, yana ɗauko karin gargajiyar Nijar yana shimfiɗa shi a hankali. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane sun san sautin ba su san mai shi ba, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a 2013. A nan Legas kuma Emeka Ogboh, haifaffen Enugu, ya daɗe yana naɗar hayaniyar gari, ihun kwandastan danfo, hon, janareta, masu talla, yana mai da su aikin da ake saurara a gidajen baje fasaha na Turai. Kundinsa Beyond the Yellow Haze daga nan ya fito, na bayansa kuma, na 2022, a kan Ojuelegba ya gina shi, har sunan kundin ma lambobin taswirar wurin ne.